Dalolin Ƙarfe a Babur ɗin Chindo

Duk telan da ya ci kasuwar Cadawa a wancan zamani ya san Chindo mai gyaran keken ɗinki. Sunansa na yanka Abdurrahaman, amma da yatsa shida aka haife shi a hannun hagu. Wanzami ya cire na shidan ranar suna, sunan kuma ya zauna masa har tsufa. Kakansa daga wajen Katsina ya ƙetaro da hauya da jaki, ya sari daji arewa da Cadawa, ya kafa 'yar tunga da ta zama ƙauye. Can Chindo ya tashi cikin noman hatsi da gujiya.

Da ya tasa, ubansa ya kai shi Maraɗi koyon ɗinki. Ɗinkin bai karɓe shi ba. In ya yanka wando sai ƙafa guda ta ɗara guda, in ya sa aljihu sai ya karkace. Amma duk ranar da keken maigidansa ya fara tsinka zare ko tsallake ɗinki, Chindo ne zai kwantar da shi a cinya, ya kasa kunne, ya juya wani ɗan noti kaɗan, keken ya koma tafiya sumul. Maigidan ya gaji da asarar yadi, wata rana ya ce masa, "Kai ba tela ba ne, likitan teloli ne. Je ka nemi abincinka ta nan."

Haka kuwa aka yi. Ya dawo gida ya auri Suwaiba, mace mai yawan dariya da ƙarfin hannu, wadda ke matsar man gyada tana tuya ƙuli-ƙuli. Damina ya yi noma, rani ya ɗaure akwatin kayan aikinsa a bayan keken hawa ya bi kasuwanni: Cadawa, Agye, Gazawa, da ƙananan kasuwannin ƙauye da ba su da ko rumfar kwano. Ƙasar kuwa rairayi ce. Rabin tafiya shi ke hawan keken, rabi keken ke hawansa. Ya yi shekaru a haka bai koka ba, sai da furfura ta fara fito masa, gwiwoyinsa suka soma yi masa gardama.

Shekarar da aka yi babban taron ƙasa a Yamai, rediyo bai huta ba a kowace majalisa. Bayan taron sai jam'iyyu suka ɓullo, kowace da launinta da tutarta da waƙarta. Mutanen da suka saba yin maganar gwamnati ƙasa-ƙasa suka koma yin ta da ƙarfi a bakin mai shayi. Su kuwa teloli sai kakarsu ta yanke saƙa: tutoci, huluna, riguna, atamfa iri ɗaya ta matan da za su tarbi baƙi. Kekunan da suka saba hutawa tsakanin sallah da sallah suka shiga aiki ba tsayawa, suka kama lalacewa ɗaya bayan ɗaya. Saƙo ya riƙa zuwa wa Chindo ta ko'ina, shi kuma ƙafafunsa ba su iya cika alkawari. Wata rana ya isa Gazawa jiƙe da gumi, ya tarar telan da ya aiko masa ya gaji da jira, ya ɗora kekensa a amalanke ya tura Maraɗi. Telan bai yi masa faɗa ba. Ruwa ya ba shi, ya ce, "Sannu, Malam Chindo, girma ya zo." Wannan sannu ta fi zagi yi masa ciwo.

A hanyar komawa ya ratsa ta Agye, ya ji ana cewa wani furoje, wato shirin agaji na dashen itace, ya rufe, ana gwanjon kayansa. Ya leƙa don kallo kawai. An sayar da tebura da kujeru da baro, sai wani dogon babur ja da ya rage jingine da bango, mai manyan ƙafafu masu haƙora, irin wanda aka ƙera don rairayi. Masu saye sun taka shi sun gaji, bai ko yi tari ba, kowa ya watse ya bar shi. Chindo ya tsuguna ya duba shi sama da ƙasa. Bai ga tsaga a jikin injin ba, bai ga ɗigon mai ba. Ya koma gida, sai da ya gama cin tuwo ya dubi matarsa.

"Suwaiba, ina son in saida san nan."

Ta ajiye ludayi. "San noman, Malam? Mi ya yi zafi?"

Ya ba ta labarin babur. Ta tambaye shi ko yana tafiya. Ya ce a'a. Ta tambaye shi ko ya taɓa gyara babur. Ya ce a'a. Ta dube shi, ta kwashe da dariya har da riƙe ciki, sannan ta share hawaye ta ce, "To, in ka saida sa ka sayo mushe, ni dai kada in ji ka ce da ni aka yi shawara. Amma na gaji da dafa ruwan gasa gwiwa. Je ka."

A amalanken jaki aka kawo babur ɗin, kwance kamar marar lafiya. Mutanen ƙauye suka fito kallo. Dalhatu mai injin niƙa, abokin wasan Chindo tun ƙuruciya, ya zagaya shi yana taɓa baki, ya ce, "Madalla da wannan turke. Awakin Suwaiba sun samu wurin ɗauri." Daga ranar duk wanda ya gamu da Chindo sai ya tambaye shi lafiyar turke.

Ya fara da abin da hankali ya ba shi. Ya wanke tanki, ya zuba sabon mai, ya sake buji, wato fulogin da ke ba inji wuta. Ya taka har cinyarsa ta yi tsami, babur ya yi shiru. Sai ya ɗora shi a mota ya kai wa Tala, wani makaniki a Maraɗi da aka ce hannunsa na da kyau. Tala ya taka sau ɗaya ya ji ƙafarsa ta tafi salamun-salamun babu turjiya, ya buɗe murfin kan injin, ya kira Chindo ya matso.

"Baba, dubi nan. Waɗannan huɗun su ne supap, ƙofofin da inji ke shaƙar iska yana fitar da hayaƙi. Wannan sanda mai doro ita ke danna su su buɗe. In doron ya wuce, dole a samu 'yar rata tsakaninsu, kamar kaurin gashi biyu, don ƙofa ta rufe ruf. A naka, ratar ta cinye. Ƙofofin ba su rufuwa, numfashin na zurarewa."

"To a buɗa ratar mana."

"A baburan da muka saba, noti ne, juyi guda an gama. Wanga ba shi da noti." Ya nuna masa wani ɗan faifan ƙarfe mai sheƙi a kan kowace ƙofa, girmansa kamar kuɗin ƙarfe na dala biyar. "Waɗannan dalolin ake cirewa a sa waɗanda ba su kai su kauri ba. Ni ba ni da su, duk Maraɗi ban san mai su ba. Sai ko Kano, can ma sai an dace. Ba ni son in ci maka rai a banza, Baba. Ka kai shi gida."

Chindo ya yi masa godiya da gaske, don ya je da makanta ya dawo da ido. Duk hanya yana tunanin ratar. Ai aikinsa ke nan tun yana saurayi: tsakanin allura da ƙoshiyar keken ɗinki ma rata ce, in ta yi yawa zare ya tsallake, in ta yi kaɗan allura ta karye. Abin da bai sani ba shi ne iyakar ratar da wannan inji ke so.

Ya yi cigiyar wanda ya riƙa hawan babur ɗin a furoje, aka ce masa wani Idrisa ne, ya koma Gazawa yana sayar da irin shuka. Ranar kasuwa ya same shi. Idrisa da ya ji babur ɗin na hannun mutum, ba a sayar da shi a kilo kamar tsohon ƙarfe ba, sai fuskarsa ta washe kamar an ba shi labarin ɗan'uwa.

"Wallahi, Baba, babur ne na kirki. Ya kai ni inda mota ba ta zuwa. A hankali ya fara wuyar tashi da safe, har ya daina." Ya shiga gida ya fito da wani abu mai kama da aska naɗe, ya warware shi, sai ga ganyayen ƙarfe sirara jere, kowane da kaurinsa. "Da wannan makanikinmu ke aunawa, ya bar mini shi da zai tafi. Ni ban san lamba ba, amma na sha riƙe masa fitila. Ka ga ganye biyun nan da suka fi sauran gogewa? Ƙaramin ya shige, babban ya ƙi, to daidai ke nan. Kuma sai inji ya yi sanyi sarai."

Lokacin an gama girbi, an ɗaure dammuna an zuba a rumbu. Chindo ya share gindin bishiyar bedin da ke tsakar gidansa, ya shimfiɗa tabarma, ya jera tasoshin Suwaiba guda huɗu, kowace ƙofa da tasarta, don kada ya rikita. Ya buɗe murfin, ya juya injin a hankali har doron sandar ya kalli sama, ya zura ƙaramin ganye. A ƙofa ta farko ya shige da ɗan ja, kamar wuƙa a cikin sabulu, babban kuma ya ƙi. Wannan lafiya lau. A ta biyu duk ganyayen biyu suka shige har da wasa. A ta uku da ta huɗu ko mafi sirantar ganyen bai samu wuri ba.

Sai batun ciro dalolin. Ya je wurin maƙerin ƙauye, suka lanƙwasa wani guntun ƙarfe da zai danne bakin ƙofar ya riƙe ta ƙasa. Da ya danne, ya sa tsinken da yake ciro zare da shi, ya ɓanɓaro dalar ƙofa ta biyu. Ta ɗago, ta sulɓe daga yatsunsa saboda mai, ta yi tsalle, ta faɗa ramin da sarƙar injin ke bi. Ya ji ƙarar saukarta can ƙasa, ƙil.

Chindo ya zauna daɓas. Ya leƙa ramin, duhu. Ya zura waya, ba ta kamo komai ba. Ya san in dalar nan ta zauna ciki, sai an farke injin gaba ɗaya, abin da ya fi ƙarfinsa. Ya daɗe riƙe da kai, yana tuna sansa, har Suwaiba ta bar kaskon tuya ta zo ta tsaya kansa.

"Malam, lafiya?"

"Ta faɗa ciki."

Ta leƙa ita ma. "Ba ƙarfe ba ce? Ina mayen ƙarfen nan da kake tsince allurai da shi in sun zube a rairayi?"

Ya ɗago ya dube ta, ya tashi da sauri har ya manta da gwiwa. Mayen ƙarfen na cikin akwatinsa, wanda ya ciro daga wani mataccen rediyo, amma ya yi wa ramin girma. Ya fasa shi da guduma, ya ɗaure ɓalli guda da zaren ɗinki riɓi huɗu, ya zura. Sai ya manne a sarƙa, ya manne a bango, ya manne ko'ina ban da inda ake so. Suwaiba ta kawo karan dawa ta fafe shi, suka zura zaren ta ciki yadda mayen zai leƙo daga baki kawai. Chindo ya tura karan a hankali har ƙasa, ya lalaba, ya ji wani ɗan tsalle a hannunsa. Ya jawo sannu-sannu. Ga dala manne, baƙa wuluk da mai. Suwaiba ta rangaɗa guɗa, har maƙwabta suka leƙo ta kan danga suna tambayar ko haihuwa aka yi. Daga nan bai sake taɓa komai ba sai da ya toshe kowane rami da tsumma.

Da ya wanke dalolin ya ga kowace da lamba a bayanta. Bai yi lakol, wato boko, ba, amma awon tela ya koya masa lambobi. Ya lura ta ƙofa ta biyu, mai yawan rata, lambarta ta fi ƙanƙanta, wato ita ce siririya. Ta ƙofa ta uku kuwa mai kauri ce. Ya jera su a tafin hannu, sai ya yi murmushi. Mai yawan rata na son kauri, marar rata na son siranta. Ya musanya su, ya juya injin, ya auna. Ƙaramin ganye ya shige, babba ya ƙi, a duka biyun. Ya sake aunawa don bai yarda da idonsa ba. Haka dai.

Saura ta huɗu, ita kuwa babu abokiyar musaya. Sai dai a rage mata kauri. Ya san dutsen wasa wuƙa ba zai yi ba, don yana da kwari a tsakiya, dala kuwa dole ta fito shafe ɗaya. Yana neman abin da ya fi komai daidaita a gidan, idonsa ya sauka kan madubin Suwaiba, na kayan aurenta, mai kauri. Suwaiba ta ga inda yake kallo. Ita ta ciro shi daga bango da kanta.

"Ɗauka. Fuskar da nake dubawa a ciki ta riga ta tafi."

Ya shimfiɗa takardar gurza mai laushi a kan madubin, ya ɗiga mai, ya kifa dalar ta gefen lamba, ya fara gogawa. Ƙarfen tauri gare shi kamar ba a taɓa shi. Ya goga har rana ta karkata, ya ɗaga ya duba, ya ga gefe guda ya fi cin gurza, don hannunsa na danna ɓangare ɗaya. Suwaiba da ke kallo ta ce ya matsa.

"Kai da ƙarfi kake yi. Niƙa ba da ƙarfi ake yin shi ba."

Ta ɗora yatsu uku a kan dalar, ta riƙa zagayawa da ita a hankali, tana juya ta kaɗan-kaɗan, tana 'yar waƙarta ta niƙa. Hannun da ya shekara da shekaru a kan dutsen niƙa bai karkata ko'ina ba. Suka raba aikin: ita ta goga, shi ya wanke ya mayar ya auna, ya ciro ya miƙo mata. Kwanaki suka yi a haka, kullum bayan ta sauke tuya. Dalhatu kan leƙo ya ce, "Yau kuma turke madubi yake dubawa?" Chindo ya ce masa ya dai tanadi bakinsa. Ranar da mafi sirantar ganye ya fara shiga, suka ƙara himma. Chindo ya riƙa aunawa akai-akai, don abin da aka goge ba ya dawowa. Wata la'asar ƙaramin ganyen ya shige da ɗan ja. Ya gwada babban, ya tsaya cak a baki.

Ya cire tsummokara, ya mayar da murfi, ya ɗaure kowane noti. Suwaiba ta ce ya taka mana. Ya ce a'a, sai ya yi sallah tukuna. Da ya idar ya fito da babur ɗin ƙofar gida, don in ya tashi kada ya firgita awaki. Kafin ya gyara tsayuwa mutane sun taru, Dalhatu a gaba da garin niƙa fari fat a gemunsa.

Chindo ya yi bisimilla ya ɗora ƙafa. Tun kafin ya taka ya ji bambanci: abin takawar ya turje, kamar inji ya cika ƙirji da iska. Ya taka, babur ya yi tari. Ya sake takawa da dukan nauyinsa. Sai ƙara ta tashi, mai kauri, mai nutsuwa, dum-dum-dum, har ana jin ta a ƙasa ta tafin ƙafa. Kaji suka watse, jakin maƙwabci ya tsinke igiya. Mata suka ɗauki guɗa daga gida zuwa gida. Chindo ya tsaya riƙe da kan babur, yana ta faɗin alhamdu lillahi. Dalhatu ya cire hula ya jefa sama, ya rungume shi har ya shafa masa gari a riga, yana ihu cikin ƙarar, "Na janye, Chindo! Na janye! Ni za ka fara ɗauka!"

Koyon hawan ma sai da ya sha ƙasa a gonar bayan gari, amma rairayin da ya wahalar da shi shekara da shekaru shi ya riƙa tarbarsa da taushi. Kafin zaɓe ya matso ya gwanance. Ya kan gyara keke a Agye da hantsi, azahar ta same shi a Gazawa, ya kwana a gidansa. Telolin kowace jam'iyya nasa ne. Sau da yawa an zo an roƙe shi ya ɗaura tuta a babur ya shiga jerin gwano, ya ce shi kekunan kore da na ja duk mai ɗaya yake ɗiga musu, a bar shi haka. Ranar zaɓe ya yi ta jigilar tsofaffin ƙauyen zuwa rumfar ƙuri'a, bai tambayi kowa abin da zai jefa ba. Damina ba ta faɗi ba sai da ya ɗaure wani sa a gidansa.

Ana cikin shirin shuka saƙo ya zo cewa 'yarsu Latifa, da ke aure a wani ƙauye bayan Gidan Rumji, ta sauka lafiya, an samu ɗa namiji. Saƙon ya yi nawa a hanya, suna ya rage jibi. A da, sai dai su aika da barka. Chindo ya ce Suwaiba ta shirya. Ta ce ita ba ta hau wannan dodon ba. Ya ce to ta zauna, zai gaishe mata da jikan. Kafin ya gama ɗaure kaya ta fito da mayafi, da gorar man gyada, da ƙullin ƙuli-ƙuli da yaji.

Har suka fita gari idonta a rufe, ta damƙe rigarsa tana salati. Da suka hau kwalta ta buɗe ido ɗaya. Bayan sun wuce Maraɗi da Tibiri sai ya ji tana yi masa magana a kunne, iska na kwashe rabi.

"Mi kika ce?"

"Na ce waccan motar ta gabanmu, ba ka iya wuce ta?"

Ya wuce ta. Suka isa rana na shirin faɗuwa, mata na daka hatsin suna a tsakar gida. Latifa ta ji ƙarar babur ta leƙo ta taga, ta ga uwarta na saukowa tana gyara ɗaurin kallabi, sai ta fashe da kuka. Suwaiba ta shige ɗaki ta karɓi jaririn. Chindo kuma surukinsa ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kawo masa fura mai sanyi, ya miƙe ƙafafu ya sha.